Ƙirga ɓeraye da ƙudaje a gonar kaji masu ƙwai: dole ne ko wahalar da manomi?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa masu kiwo. Ina neman waɗanda suka sani su warware mini wani abu. Masu shirin fara ɗaukar ƙwai a wurina sun turo takardar sharuɗɗa. A ciki suna neman rubutaccen tsarin hana ƙwayar cutar salmonela, da rajistar tarkon ɓeraye ta kowane ɗaki, da ta ƙudaje, da sakamakon gwajin kashin kaji. Ni kuma kajina lafiyarsu ƙalau, suna ci suna sha, ƙwai bai ragu ba, mutuwa ba ta wuce yadda aka saba ba. Maganin ɓera muna sawa duk sanda aka ga alama. To me ya haɗa ƙirga ɓeraye da lafiyar ƙwai? In abin yana da tushe zan yi da zuciya ɗaya, amma ina so in fahimta tukuna.

Alhaji Mai Kaji:
Wa'alaikumus salam Hajiya. Na tsufa a wannan sana'a, kuma ra'ayina shi ne yawancin takardun nan masu zaman ofis ne suka ƙirƙiro su. Ido ba mudu ba ne amma ya san ƙima. Ina shiga ɗakin kaji da asuba, daga yadda suka tashi da yadda suke kuka na san ko akwai matsala. Mun san salmonela, ita ce ke kawo farin kashi ta kwashe 'yan tsaki, ko ta kwantar da manya su yi ta mutuwa. In babu wannan, babu ita. Ki tsaftace ɗaki, ki sa guba a kai a kai, ki cike musu takardar tunda sun ce sai da ita, shi ke nan.

Dakta Hauwa:
Baba Alhaji, ranka ya daɗe, idonku ba abin rainawa ba ne, amma wannan cutar ta wuce inda ido yake kaiwa. Waɗanda kuka ambata iri biyu ne, Pullorum mai kashe 'yan tsaki da Gallinarum mai kawo taifot ɗin kaji. Su kaji suke kashewa, ba kasafai suke taɓa mutum ba. Wadda masu sayen ƙwai ke tsoro dabam ce, sunanta Salmonella Enteritidis, sai 'yar uwarta Typhimurium. Babbar kaza tana iya ɗauke da ita tana ci tana sha tana zuba ƙwai, ba wata alama ko kaɗan. Ƙwayar cutar tana bi daga hanji ta isa mahaifar kazar da bututun da ƙwai ke bi, ta shiga cikin ƙwan tun ɓawo bai rufe shi ba. Za ki ga ƙwai fes, ba tsaga ba kashi a jikinsa, alhali cutar na ciki.

Ba kowane ƙwai na kazar ke fitowa da ita ba, jefi-jefi ne. A lissafin da Ma'aikatar Noma ta Amurka ta yi a ƙarshen shekarun 1990, kusan ƙwai 1 ne cikin 20,000. Sai dai ku auna yawan ƙwan da gona ɗaya ke fitarwa a wata, kuma ku tuna a wuraren dafa abinci da yawa ana fasa ƙwai masu yawa a kwano ɗaya. Guda ɗaya ya isa ya ɓata sauran.

Yanzu zancen ɓera, Hajiya. Ɓera yana kamuwa da cutar kamar yadda kaza ke kamuwa, tana hayayyafa a cikinsa, yana fitar da ita a kashinsa. Binciken masana Henzler da Opitz da aka buga a 1992 ya gano cewa ƙwaya ɗaya ta kashin ɓera tana iya ɗauke da ƙwayoyin cutar har 230,000. Ina yake zuba kashin? A cikin mazubin abinci, da dare, kaji na barci. Gari na wayewa su tsince shi tare da abincin. Abin da ya fi damuna shi ne lokacin canjin garke. An fitar da tsofaffin kaji, an wanke ɗaki, an yi feshi, an kashe kuɗi. Ɓerayen suna cikin rufi da ramuka suna jira. Sababbin kaji na shigowa su sauko su mayar da cutar. Shi ya sa ake samun ɗakin da garke bayan garke gwaji ke nuna cutar, mai gona ya rasa daga ina take zuwa.

Abban Sadik:
Dakta, to in an wanke ƙwan da ruwa da sabulu kafin a sa a kiret fa? Yarana haka suke yi wa masu datti.

Dakta Hauwa:
Malam, wanki ba ya kaiwa ga wadda ke ciki. Kuma in ruwan ya fi ƙwan sanyi, abin da ke cikin ƙwan yana tsukewa ya zuƙo ruwan dattin ta ƙananan ƙofofin ɓawo. A Amurka, inda ake wanke ƙwai da inji, ƙa'ida ita ce ruwan ya kai aƙalla digiri 32 a ma'aunin Salshiyas kuma ya fi ƙwan ɗumi sosai, sannan a busar a sanyaya. Tarayyar Turai kuwa ba ta yarda a wanke ƙwai mai daraja ta ɗaya ba, don kada a goge siririn rufin da kaza ke shafa wa ɓawo. Bokiti ɗaya na ruwan sanyi da ake tsoma ƙwai bayan ƙwai ya fi rashin wankin haɗari. Masu datti a ware su dabam.

Ɗanlami Mai Tarko:
Salam ga kowa. Aikina ke nan, kashe ɓeraye da ƙwari a gonaki, bari in sa baki a kan ƙirgar da Hajiya ta tambaya.

Hajiya kin ce kuna sa magani in an ga alama. Ranar da kika ga ɓera yana yawo da rana tsaka, sun riga sun yi yawan da maɓoya ta yi musu kaɗan. Ɓeran gida cikinsa kwana 19 zuwa 21 ne, tana haifar biyar ko shida ko fiye, 'ya'yan kuma cikin kamar mako shida sun isa haihuwa. A ɗakin kaji ga abinci ga ruwa ga ɗumi, ba abin da ke tsayar da su. Jiran alama jiran makara ne.

Ga yadda ake ƙirgar, an daidaita ta ne a gonakin jihar Fensilbaniya ta Amurka a shekarun 1990 kuma FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar, ta sa ta a jagorarta. Tarko 12 a kowane ɗaki, irin mai kama da yawa a lokaci ɗaya, a jera su a gindin bango da wuraren da ake ganin kashi ko hanyar da suka goge da jikinsu. A duba su a tsakiyar mako, wanda bai kama komai ba a matsar da shi wani wuri. Ranar bakwai a haɗa jimilla. Daga 0 zuwa 10 mataki na ɗaya ne, abin na hannu. Daga 11 zuwa 25 mataki na biyu, a tashi tsaye. Daga 26 zuwa sama mataki na uku, ɗakin ya zama nasu. Amfanin rubutawa shi ne wannan watan ki ga 4, na gaba 9, na bayansa 17, kin san wani abu ya buɗe tun ido bai gani ba. Kuma kin san wane ɗaki ne, wace kusurwa ce. Sau da yawa in na bi tarkon da ya fi kamu sai in tarar da bututun ruwa da aka huda bango aka saka ba a liƙe gefensa ba, ko ƙasan ƙofa ya cinye. Ɓeran gida ramin milimita 6 ya ishe shi, kaurin fensir ke nan, babban kuma milimita 12.

Ƙudaje sun fi sauƙi. Farin kati ƙarami, a manna shi inda suke yawan sauka, bayan mako a cire a ƙirga ɗigon da suka bari na kashi da amai. In matsakaicin bai wuce 50 a kati ba, lafiya. In ya haura, je ki duba kashin kajin, za ki tarar ya jiƙe, galibi daga mashayar da ke yoyo. Ƙuda daga ƙwai zuwa mai fiffike kwana 7 zuwa 10 ne in akwai zafi, kuma tsutsarsa ba ta rayuwa a busasshen kashi. Gyaran mashaya ɗaya ya fi feshi goma.

Alhaji Mai Kaji:
Ɗanlami ɗana, na ji bayaninka kuma akwai hankali a ciki. Amma ku faɗi gaskiya, ita kanta dokar Amurka ta hana salmonela a ƙwai da kuke kafa hujja da ita ba ta hau kan mai kaji ƙasa da 3,000 ba. Ke nan su ma sun san cutar ta manyan gonaki ce, masu cusa dubban ɗaruruwan kaji a ɗaki ɗaya. Don me za a ɗauko nauyin manya a ɗora wa ƙanana?

Malama Ummi:
Baba, gaskiya ne dokar ta tsame masu ƙasa da 3,000 da kuma masu sayar da duk ƙwansu kai tsaye ga masu ci. An fitar da ita a 2009, ta fara aiki kan masu kaji 50,000 zuwa sama a Yulin 2010, sauran kuma a Yulin 2012. Amma tsamewar lissafi ne na inda mafi yawan ƙwan ƙasar ke fitowa da kuma ƙarfin masu sa ido. Ƙwayar cutar ba ta san adadin kajin mutum ba.

Ni a asibiti nake aiki, ta can ƙarshen nake ganin abin. Daga awa 6 zuwa kwana 6 bayan cin abin da ya gurɓata sai gudawa, zazzaɓi, murɗawar ciki. Mai ƙarfi yakan warke cikin kwana 4 zuwa 7. Ƙaramin yaro, da tsoho, da mai raunin garkuwar jiki, su ne ruwan jikinsu ke ƙarewa ko cutar ta shiga jini. Uwar da ke zaune gefen gadon ɗanta ba za ta taɓa sanin daga wace gona ƙwan ya fito ba, mai gonar ma ba zai taɓa ji ba. Wannan rashin jin shi ke sa muke zaton ba ya faruwa.

Ku dubi abin da ya faru a jihar Ayowa ta Amurka a Agustan 2010. An janye ƙwai sama da miliyan 500 daga kamfanoni biyu, Wright County Egg da Hillandale Farms, mutum kusan 1,900 aka danganta rashin lafiyarsu da ƙwan. Da sufetoci suka shiga, abin da suka rubuta shi ne ɓeraye masu rai a ɗakuna, ramuka ba a toshe ba, ƙudaje da tsutsa ba sa ƙirguwa, tsuntsayen daji na shiga, tulin kashi a wani wurin ya kai ƙafa 8 har ya ture ƙofa. A 2015 kotu ta ɗaure mai kamfanin na farko, Jack DeCoster, da ɗansa Peter wata uku-uku. Duk abin da ke cikin wannan jerin ba wanda ƙaramar gona ba za ta iya samu ba.

Abban Sadik:
Ni dai kyanwoyi na ajiye a gonar, ɓeraye sun ragu sosai.

Ɗanlami Mai Tarko:
Malam Abban Sadik, fitowa fili suka rage. Kyanwa ba ta shiga cikin rufi ko ƙarƙashin daɓe. Kuma ta ci ɓera mai cutar, ta zo ta yi kashi kusa da buhunan abinci. Dokar da ake magana a kai ta ambaci kyanwa cikin dabbobin da za a hana shiga ɗakin kaji, tare da tsuntsayen daji da kajin da ke yawo sakaka.

Tunda an zo nan bari in faɗi na guba. Yawancin wadda ake sawa mai tsinka jini ce, irin su bromadiolone da brodifacoum da difenacoum. Ba ta kashewa nan take, sai bayan kwanaki, don haka kada a ce ba ta aiki a rana ta biyu. A sa ta cikin akwati mai murfi da kulle, a ɗaure ta a ciki, a ba kowane akwati lamba, a zana taswirar inda suke. Wadda aka watsa a fili kaza za ta iya tsinta, ta mutu ko ragowar ta fita a ƙwai. Gawar ɓera a kwashe kullum da safar hannu, domin kaji na caccakar ta, kare da mujiya ma suna mutuwa in sun ci. In an daɗe kan iri ɗaya ana ci ba a raguwa, a canza zuwa wani rukuni kamar cholecalciferol ko bromethalin, tunda an tabbatar ɓeraye na samun juriya ga masu tsinka jini a wurare da yawa. Sannan a karanta abin da ke jikin kwali. An taɓa yin maganin ɓera da ita kanta ƙwayar Salmonella Enteritidis, Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kansa a 1954 da 1967, amma ba a daina haɗa irinsa gaba ɗaya ba. Abin da ba shi da suna da lambar rajista kada ya shiga gona.

Duk da haka guba ita ce ta ƙarshe a jerina. Ɓeran da ke da abincin kaji zube a ƙasa ba shi da dalilin cin guba. A share zubewa, a ɗora buhuna kan katako nesa da bango, a sare ciyawa, a kwashe tarkacen da ke jingine, a zuba tsakuwa kamar faɗin mita ɗaya kewaye da ɗaki, a toshe ramuka da siminti da ragar waya.

Auta:
Iyayena ku yi haƙuri in faɗi abin da ban ji an faɗa ba. Ni ma'aikacin gona ne, mu ake ba wa rajistar nan. A wata gona da na yi aiki, daren da za a zo dubawa ake zaunar da mu a cike shafukan wata uku da biro ɗaya, ko'ina a rubuta 2 ko 3. Ranar da wani abokin aikina ya rubuta gaskiyar abin da ya kama, faɗa aka yi masa wai yana son ɓata sunan gona. Daga ranar ba wanda ya sake rubuta adadi mai yawa. In haka za a yi, maganar Baba Alhaji ta tabbata, takarda ce kawai.

Dakta Hauwa:
Auta, Allah ya yi maka albarka, ka taɓo inda abin ke lalacewa. Rajistar da ba ta taɓa nuna matsala ba ita ce ta farko da sufeto mai ƙwarewa ke zargi. Abin da yake nema shi ne ya ga an rubuta 19 a ɗaki na uku, a ƙasa an rubuta me aka yi, wa ya yi, da kwanan wata, sannan mako biyu gaba adadin ya sauko. Dokar Amurka ta ce a rubuta a lokacin da ake aikin, wanda ya yi ya sa hannu, a ajiye har shekara ɗaya bayan an fitar da garken. Masu gona, ina roƙonku, yaron da ya kawo muku adadi mai yawa ku gode masa a gaban sauran. In kuka hukunta shi kun rufe wa kanku ido da hannunku.

Abban Sadik:
To ba akwai rigakafi ba? A yi musu allura a huta. Ko a riƙa sa musu maganin kashe ƙwayoyin cuta a ruwa lokaci-lokaci.

Dakta Hauwa:
Rigakafin yana da amfani ƙwarai kuma ina ba da shawarar a yi. A Birtaniya, a Disambar 1988 ƙaramar ministar lafiya Edwina Currie ta ce yawancin ƙwan da ake samarwa a ƙasar na da salmonela, kasuwar ƙwai ta rushe, ita ma ta sauka daga muƙami. A 1998 masu kiwo suka shigo da tsarin tambarin zaki da ake bugawa a jikin ƙwai, wanda ya wajabta yi wa kaji rigakafi, kuma masu kamuwa suka ragu ƙwarai a shekarun da suka biyo. Sai dai tsarin ya haɗa da yaƙi da ɓeraye da gwaji da tsafta da bin sawun ƙwai. Rigakafi yana rage yawan cutar da kaza ke ɗauka da wadda take zubarwa, bai mai da ita ƙarfe ba. In kullum tana cin kashin ɓera, yawan ƙwayoyin zai rinjayi kariyar.

Maganin ruwa kuwa, a'a. Yana danne cutar ta ɓuya daga gwaji, a daina ta dawo, ragowarsa ta fita a ƙwai, kuma a haifar da ƙwayoyin da ba sa jin magani ranar da Malama Ummi ke buƙatarsa ga yaro. Tarayyar Turai ta hana amfani da shi a matsayin hanyar yaƙi da salmonela a kaji tun dokar 2006. Haka zancen jar ƙumar kaji, wadda ita ma tana iya ɗaukar cutar. A 2017 a Holand da Beljiyam an gano an haɗa fipronil cikin maganin feshin ƙuma, alhali an hana shi ga dabbobin da ake ci, aka kwashe miliyoyin ƙwai daga kantuna aka rufe gonaki. Masu gonakin da yawa ba su ma san abin da aka fesa musu ba. Duk wanda zai yi muku feshi ya rubuta sunan maganin da adadinsa.

Maman Ilham:
Na gamsu da zancen tarko da kati, zan fara. Amma Dakta ga abin da ke cina a rai. In na kai kashin gwaji aka ce akwai cutar fa? Jarina gaba ɗaya yana cikin kajin nan. Na san ba ni kaɗai ke wannan tsoron ba.

Dakta Hauwa:
Hajiya, tsoron nan gaskiya ne, ba zan ce miki babu asara ba. Ga yadda tsarin Amurka yake. Ana sayen 'yan tsaki daga iyayen da aka tabbatar ba su da cutar. Ana gwada muhallin ɗaki suna mako 14 zuwa 16, a sake suna mako 40 zuwa 45, sai kuma mako 4 zuwa 6 bayan an sa su sake gashi in an yi hakan. Ƙyalle mai danshi ake ja a kan kashi a kai ɗakin gwaji. In an ga cutar a muhalli, ba a ce a kashe kaji ba. Zaɓi biyu ne: a karkatar da ƙwan zuwa masana'antar da ke fasa shi ta dumama shi har cutar ta mutu, ko a gwada ƙwai 1,000 sau huɗu, mako biyu tsakani. In duka huɗun sun fito lafiya ana ci gaba da sayarwa. Sannan dole a kwashe kashi, a share ƙura, a wanke, a yi feshi kafin sabon garke. Turai ta fi tsauri: gwaji duk mako 15, kuma tun 2009 garken da aka samu da Enteritidis ko Typhimurium ba a sayar da ƙwansa ɗanye.

Kada a manta da sanyi. Daga awa 36 bayan an yi ƙwai, dokar Amurka ta ce ya kasance a digiri 7 ko ƙasa. Farin ƙwai yana hana cutar yaɗuwa, amma da zafi da daɗewa fatar gwaiduwa na saki, ƙwayoyin su isa gwaiduwar su ninka ba adadi. Wanda ba shi da ɗakin sanyi ya tsince ƙwai sau da yawa a rana, ya ajiye a inuwa, ya fitar da shi da wuri.

Alhaji Mai Kaji:
Dakta, na karɓi zancen cewa akwai wadda ba ta nuna alama, kuma zan sa a jera tarkon nan in ga abin da za su kama. Amma inda na tsaya ban gusa ba. Wanda ya gwada ya faɗi gaskiya shi ke asara, maƙwabcinsa da bai gwada ba yana ta ciniki. Inda babu masana'antar dumama ƙwai kusa, ina Hajiya za ta kai nata? Masu sayen da ke rubuto sharuɗɗa su rubuto har da abin da za su yi wa manomi ranar da gwajin ya fito ba daɗi. Hajiya, ki tambaye su wannan kafin ki sa hannu.

Ɗanlami Mai Tarko:
Baba, in za ku fara, ku fara da ɗakin da ya kusa fitar da kaji. Kafin a kwashe su a cika akwatunan guba na waje da na ɗakunan da ke kusa, domin ana fara wanki ɓerayen za su yi ƙaura can. Ranar da kajin suka fita a kwashe abinci tas daga mazubai, a rufe ruwa, a sa guba a ko'ina a ciki har cikin rufi, a bar ta kwanaki kafin a taɓa komai. Lokacin ne kaɗai ba su da wani abin ci sai naku. In ci ya tsaya sai a kwashe ragowar da gawarwaki, a toshe ramuka, sannan a yi wanki da feshi. Tarko 12 ɗin a mayar da su mako guda kafin sababbin kaji su iso, kuma adadin wannan makon shi za a fara rubutawa a shafin sabon garke.